Judo a Leeds, eja a waya, Yaya a Gusau

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Leeds, a Birtaniya. Shekararsa 36, shekara biyu ke nan yana aikin kula da tsofaffi a kan bizar aiki. Daga aiki sai ɗaki, tumbi ya fito, barci ya ƙi. Ya ga kulob ɗin judo kusa da gidansa mai ajin manya sabbin shiga, fam 35 a wata, yana so amma yana jin kunyar farawa da girmansa. Wani eja ɗan ƙasarmu ya ce masa ya shiga kawai, zai sama masa aikin taya koci koyar da yara ranar Asabar, kuɗi a hannu, daga baya ya juya masa biza zuwa ta 'yan wasa a kan fam 5,000. Yayansa kuma daga Gusau ya ce ba a tura shi Turai don ya zama ɗan dambe ba, ya turo kuɗin a ƙara a cefane.

Ƙanena, ka shiga kulob ɗin. Amma bari in fara da ejan nan, don shi ne ramin da ke gabanka.

Bizar da ke hannunka ta hana ka aiki a matsayin ƙwararren ɗan wasa, kuma koci ma yana cikin hanin. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ba ta hana ka motsa jiki ba, ba ta hana ka biyan kuɗinka ka yi wasa don sha'awa ba. Abin da ta hana shi ne wasan ya zama sana'a. Ka riƙe wannan ma'aunin: muddin kuɗi daga aljihunka yake fita zuwa kulob, kana kan hanya. Ranar da ya fara fitowa daga kulob yana shiga aljihunka, ko fam 20 ce a ninke a tafin hannu, ka taka sharaɗin zamanka. Wannan "kuɗi a hannu" da yake kwaɗaita maka, igiya ce yake saka maka a wuya, shi kuma yana riƙe da ɗaya bakin. Gobe in ka nemi kuɗinka, da ita zai ja ka.

Ita kuwa bizar 'yan wasa, akwai ta, ba ƙarya ya ƙirƙiro ba, kuma da haka irinsu suke cin mutane. An yi ta ne don waɗanda suka riga suka yi suna a matakin ƙasa da ƙasa, kuma sai hukumar da ke kula da wasan ta ba da shaidar amincewa kafin wani kulob ya ɗauki nauyin mutum. Kai da ko ɗaura ɗamara ba ka iya ba tukuna, wace hukuma ce za ta rubuta cewa kai gwarzon duniya ne? Sai dai a haɗa takardar bogi, kuma wanda aka kama da yaudara a takardar neman biza yana iya shan hanin shiga ƙasar na shekara 10. Sunanka ne a kan fom ɗin, ba nasa ba.

Na ga irin wannan da idona. Wani yaro, shi da ƙwallo aka yaudare shi, ya bar kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarsa saboda alkawarin eja. Kamfanin ya kai rahoto kamar yadda doka ta wajabta masa, wasiƙa ta zo an rage masa zama zuwa kwana 60, lambar ejan kuma ta daina shiga. Abin da ya biya ejan kuwa, kuɗin filin mahaifiyarsa ne. Saboda haka ka tambayi mutuminka lambar rajistarsa. A Birtaniya laifi ne mutum ya riƙa ba da shawarar shige da fice ba tare da izini ba. Ko dai lauya ne mai lasisi, ko yana da rajista da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da wannan shawara, wadda kafin 2025 ake kira OISC, kuma ana duba sunayen a intanet kyauta. Za ka ga ya fara kame-kame.

Maganar kunya ba ta da tsawo. Ajin sabbin shiga cike yake da masu furfura, kowa da farar ɗamara ya fara. A judo ba a naushi, kama-kama ce da kayarwa, ta fi kusa da kokawarmu fiye da dambe. Makonnin farko faɗuwa za a koya maka, yadda za ka sauka ba ka fasa kai ko ka karya hannu ba. Kada ka raina wannan darasin. Bayanka da yatsunka su ne jarinka, da su kake ɗaga tsofaffi. Ka gaya wa koci aikin da kake yi, in an shaƙe ka ko an murɗe maka hannu ka buga tabarma da wuri, alamar ka sallama, ba a nuna jarumtaka da ɗan shekara 20. Ka tabbatar kulob ɗin yana ƙarƙashin British Judo Association, domin rajistar mamba tana zuwa da inshora, kuma ka karanta takardar cire kuɗi daga asusunka kafin ka sa hannu, kada ka ɗaure kanka shekara guda. In sunkuyawar gaisuwa da ake yi a judo ta dame ka, ka faɗa wa koci tun ranar farko cikin ladabi; ba kai ne Musulmin farko da ya taka tabarmar ba.

Abu ɗaya da zan ɗaga maka murya a kai: abin da ka koya ya tsaya a kulob. Kada ka gwada shi a kan mashayin da ya zage ka a tashar bas, balle a wurin aiki. Aikinka yana rataye ne a kan takardar DBS mai tsabta, wato ta binciken tarihin laifi, kuma a dokar Birtaniya ta 2007 baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, kora ce ke jiransa.

Sai Yaya. Ina girmama shi, amma a nan ba ni tare da shi. Na san daga inda maganar ta fito, a wurinmu dambe an san shi da mahauta da 'yan kasuwar dare, babban mutum ba ya tuɓe riga a fage. To amma wanda yake Gusau, da ya fito ƙofar gida zai sami majalisa, ya yi sallah biyar cikin jama'a, bai san duhun ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba ba, mutum shi kaɗai a ɗaki. Kana turo kuɗi kowane wata, ba ka fasa ba. Fam 35 da za ta tsare lafiyar mai turowar ba almubazzaranci ba ce, kuma in hawan jini ya kwantar da kai ba Yaya ne zai zo ya karɓi aikin dare ba. Kuskurenka ɗaya, ka mayar da abin neman izini. Ka kira shi, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce masa, "Yaya, motsa jiki ne don lafiyata, abin da nake turowa ba zai ragu ba." Kada ka ƙara bayani a kan haka. Hoton rigar judo kuma, ka bar shi a wayarka, ba sai ya shiga zauren WhatsApp na gida ba.