Kafin ka faɗa wa Alhaji farashin sauya akwati

Habu, ka ce Alhajin nan na Malali yana so a cire masa tsohon akwatin da ke sarrafa fitilu, makullai da famfon gidansa a sa sabo, kai kuma a ganinka aikin awa ɗaya ne, a zare wancan a jona wannan. Kana tambaya me ya sa na hana ka yanke masa farashi a tsaye. Na hana ka ne domin kuɗin akwatin shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Manyan biyu suna ɓoye: abin da zai riƙa biya duk wata, da wahalar kwashe na'urorin ɗaya bayan ɗaya.

Fara da kuɗin wata, don a nan ake ɓatawa da kwastoma. Akwai akwatin da ke tunaninsa a cikin gida, akwai wanda ko fitilar falo ba zai kunna ba sai ya nemi izini ta intanet daga sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsu, a ƙasar waje. Mai irin na biyu yana hannun kamfani. A watan Mayu na 2020 kamfanin Wink na Amurka ya sanar da waɗanda suka riga suka sayi akwatinsa cewa za su fara biyan dala 4.99 a wata, wanda ya ƙi kuma ya rasa sarrafawa ta waya. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe sabarsa ba sallama, mutane suka wayi gari manhaja ba ta buɗewa. Kamfanin Revolv kuwa kamfanin Nest ne ya saye shi, ya rufe shi a 2016, akwatin ya zama kayan ado. Waɗannan duk a can suka faru, amma kwastomanmu da ɗansa ya aiko masa da kaya daga waje, igiya ɗaya ta ɗaure su.

Ka ɗora namu a kai. Dala biyar kafin Yunin 2023, lokacin da farashin dala ɗaya na gwamnati yake wajen naira 460, naira 2,300 ce. In dala ɗaya tana naira 1,500, ta koma 7,500 a wata, wato 90,000 a shekara, kamfanin bai ƙara ko sisi ba. Ga data, wadda aka amince a ƙara wa farashinta kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kyamarar da ke tura bidiyo waje kuwa ba ta ƙoshi. Sannan da wane kati zai biya? Ka tambaye shi tun yanzu, kada wata ya ƙare katin ya ƙi wucewa, a kira ka da dare a ce aikinka ya lalace.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Ka jona sabon akwatin a shago, ka haɗa masa ƙwan fitila ɗaya da makunni ɗaya, sannan ka zare masa intanet. Abin da ya ci gaba da aiki na Alhaji ne. Abin da ya tsaya, haya yake yi. Ni dai a ra'ayina, a garin da netwok ke tafiya ya dawo yadda ya ga dama, akwatin da ke aiki a cikin gida ya fi. Home Assistant, misali, manhajarsa kyauta ce, sai wanda ya so hidimarsu ta shiga daga nesa cikin sauƙi ne zai biya, amma tana son mai haƙurin saiti, ba kowane gida zan kai wa ita ba.

Yanzu kwashe kayan. Ka ɗauki littafi ka zaga gidan ɗaki-ɗaki, ka rubuta kowace na'ura da yaren da take ji: Wi-Fi, Zigbee ko Z-Wave. In sabon akwatin ba ya jin ɗaya daga ciki, duk na'urorin wannan layin sun zama sayen sabo. Ka duba bayan na Z-Wave da kyau, domin na Amurka suna kan 908.42 MHz, na Turai kuma 868.42, ba sa jin juna ko kusa. A gidajen Unguwar Rimi da Barnawa za ka tarar an gauraya, wannan tsarabar Landan, wancan ta Amurka. Na Amurkan ma ka karanta ƙarfin wutarsa, don nasu 120 ne, namu 230.

Na'urar Z-Wave ba ta yarda da aure kan aure. Sai an sake ta daga tsohon akwatin kafin sabon ya karɓe ta. In tsohon ya riga ya mutu, sabon yana iya yin sakin, ko ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Na Zigbee kuma kowane kamfani da salonsa, wani ka danne maɓalli har fitilar ta fara ƙiftawa, wani ka kashe ka kunna sau da yawa a jere. Wahalar tana kan ƙananan na'urorin nan da muka binne bayan makunni. Sai ka kashe wuta, ka kwance noti biyu, ka jawo shi a hankali kada wayar nutural ta suɓuce, ka maido wuta, ka danna ɗan maɓallin da bai kai ƙwayar gero ba da tsinken roba, ka jira manhaja ta gan shi, ka sa masa suna, ka sake kashe wuta ka mayar. Ka ninka wannan sau adadin makunnan gidan bene, ka gaya mini ko awa ɗaya ce. In akwati na kamfani ɗaya ne da tsohon, wani lokaci manhajar tana kwashe komai da kanta, haka kayan da ke da Matter, tsarin haɗa kayan kamfanoni daban-daban da ya fito a Oktoban 2022, suna iya zama ƙarƙashin akwati biyu lokaci guda. Tsofaffin kayan Alhaji ba lallai su samu wannan gatan ba.

Akwai jeri. Masu jone da wuta, soket da makunni, su ne ke miƙa saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki, don haka su za ka fara haɗawa, daga na kusa da akwatin ka nausa waje. Masu batir, irin na'urar jin motsi da ta bakin ƙofa, sai daga baya, kuma a inda za su zauna. Ka lura da waɗanda ke kan layin inbata. Idan soket ɗin da ke miƙa saƙo zuwa get ba ya kan inbata, ana ɗauke wuta bakin get ya kurmance. Akwatin da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, kuwa dole su hau inbata.

Umarnin da aka tsara ba sa bin na'ura su ƙaura. Fitilun tsaro su kama da magariba, famfo ya tsaya in tanki ya cika, duk sai an sake rubuta su. Ka kwafe su a littafi kafin ka taɓa komai, ka kuma tambayi Hajiya da maigadi, su suka san abin da gidan ke yi da kansa. Makullin ƙofa ka bar shi ƙarshe, mukullin hannu yana aljihunka.

A takardar lissafi ka ware layi uku: kuɗin kaya, kuɗin aiki bisa yawan na'urori, da kuɗin wata a dala tare da kwatankwacinsa a naira na ranar. Asusun ka buɗe shi da imel ɗin Alhaji, ba naka ba, shi zai sa lambar sirrinsa. Tsohon akwatin kada ka goge shi sai sabon ya ga ɗaukewar wuta da dawowarta, sannan ka soke biyan tsohon, in akwai, don kada su ci gaba da cire masa kuɗi.