Tambayi Mai Wayarin: Kukan da ke bin totur, da wufar da ke ta ƙonewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2006. Watan jiya na sa amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da wufa (babbar sifikar bes) a but. Tun daga ranar, da na ta da mota sai wani siririn kuka ya riƙa fita daga sifiku. In na taka totur ya yi sama, in na ɗaga ƙafa ya sauko, in mota a kashe take kuwa tsit. Wanda ya haɗa min ya ce amfilifayar ce jabu, in sayo wata. In sayo?
— Malamin makaranta, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Kukan da ke hawa da sauka tare da totur na altaneta ne, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki. Wutar da take yi tana da ɗan kaɗawa ko bayan dayod, 'yan na'urorin da ke cikinta, sun daidaita ta, kuma inji na ƙara gudu kaɗawar na ƙara sauri. Kowace mota tana da wannan. Abin nema shi ne ƙofar da ya bi ya shiga sautinka, kuma sabuwar amfilifaya ba za ta toshe ƙofar ba.

Fara da gwajin da ba ya cin ko kwabo. Kashe komai, zare wayoyin RCA, masu kai ja da fari ɗin nan, daga jikin amfilifaya, sannan ka ta da mota ka kunna. In kukan yana nan, matsalar a but take. In ya ɗauke, ta wayoyin ko ta rediyon gaba yake zuwa.

In a but ne, je kai tsaye wurin wayar at, wadda aka ɗaure a jikin mota. A motocin da ake kawo min da wannan kuka, nan na fi samun ɓarnar: an ɗauko 'yar siririyar waya, an murɗe bakinta da hannu, an cusa ƙarƙashin notin kujera ko sukurun fitilar baya, fenti na nan kwance a tsakani. Wuta ba ta ratsa fenti. Kaurin wayar at ya zama daidai da na wayar da ta taso daga batir, tsawonta kada ya wuce kamu guda, wato wajen santimita 45. A kankare fentin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a sa wa wayar kai mai zobe, a ɗaure tamau, a shafa giris a sama saboda tsatsar damina. Ita kanta amfilifayar a kan katako ake kafe ta, kada jikinta ya taɓa ƙarfen mota.

In kuma ta gaba yake zuwa, ɗaga kafet ka duba. Masu gaggawa sukan haɗa wayar wuta da ta RCA su bi gefe guda, har su naɗe su da tef tare. Kowacce gefenta daban, ɗaya ta ɓangaren direba, ɗaya ta ɓangaren fasinja. Kafin a kwance komai, ari wata RCA ka shimfiɗa ta a kan kujeru ka saurara. Ka kuma zare cajar waya daga ramin sigari, don masu arha suna zuba tasu hayaniyar. Sai duk wannan bai yi ba za a sa mita a batir: volt 12.6 in mota a kashe, 13.8 zuwa 14.4 in tana aiki. In lissafin ya kauce, a gwada dayod ɗin altaneta. Za a yi maka tallan filta mai kashe ƙara. Ni ita nake barin ƙarshe, don sau da yawa rufe ciwon take yi, wata ma ta tafi da rabin bes ɗinka.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma don Allah buɗe bonet yau ka duba ko akwai fis a kan jar wayar nan da ke kai wa amfilifaya wuta, dab da batir. Fis ɗin jikin amfilifaya ita kaɗai yake tsarewa. In wayar ta goge a jikin ƙarfe babu fis a gaba, mota ce za ta kama da wuta, kuma da iyali ake shiga motar nan.

Tambaya: Oga, ni direban Sharon ne, Kano zuwa Katsina. Wufa biyu ke nan na ƙone. A kwalinta an rubuta wat 1500, amfilifayar kuma 2000. Sai in ji wari kamar na ƙonannen roba, daga nan shiru. Da dare kuma in bes ya buga, fitilu sukan yi ƙasa.
— Direba, daga Kano

Amsa: Direba, sannu da hanya. Manyan lambobin kwali na talla ne. Nemi inda aka rubuta RMS da ƙananan baƙaƙe, shi ne ƙarfin da abu ke iya ɗauka na dogon lokaci. In ba a rubuta ba, dubi fis ɗin jikin amfilifaya. A ce guda biyu ne masu amp 20, ka haɗa 40, ka ninka da volt 14, ka sami wat 560. Iyakar abin da za ta iya sha ke nan, kuma wani kaso zafi yake zama. Daga ina 2000 za ta fito?

Abin da nake zargi shi ne maɓallin da aka rubuta GAIN a kansa. Yawancin mutane sun ɗauka na ƙara murya ne, sai a murɗe shi har ƙarshe, a bi da BASS BOOST. Aikinsa kawai daidaita amfilifaya da ƙarfin abin da rediyo ke aiko mata. In ya yi yawa, amfilifayar takan kai maƙura, sautin ya tsage, wuta mai datti ta yi ta dafa siririyar wayar da aka naɗe a cikin wufa har shafenta ya narke. Warin da kake ji ke nan. Kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi ne, zai ɗan taka kafin ya durƙushe.

Yadda nake saita shi: a mai da bes da tirebul sifili, a kashe BOOST da LOUD, a sauke GAIN ƙasa. A sa waƙa mai tsabta wadda kunnenka ya sani, a ɗaga muryar rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, misali 30 in iyakarta 40. Sai a riƙa ɗaga GAIN a hankali. Da bes ya fara kakkarwa ko ya canza launi, a komo baya kaɗan, a bar shi nan. Daga ranar, 30 ce iyakarka. LPF na wufa, maɓallin da ke barin bes kaɗai ya isa gare ta, a ajiye shi wajen Hz 80.

A duba om ma, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wuta. Wufa biyu masu om 4 in aka haɗa su kai da kai, ƙari da ƙari, ragi da ragi, om 2 suke komawa, kuma ba kowace amfilifaya ke jure haka ba, balle in an haɗe tashoshinta biyu wuri guda. Batun fitilu kuwa, wuta ce ba ta isa. A tsabtace kan batir, a duba wayar. Kasuwa ta cika da mai kaurin roba wadda cikinta alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakinta da reza, in ka ga fari a ciki, ita ce.

Kunnenka fa, direba. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in ana wuni cikinta awa 8, tana cin ji a hankali, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Kai da ke kan titi kullum kana bukatar jin hon ɗin tirela a bayanka.

Tambaya: Ni ba kiɗa nake ji ba, karatun Alƙur'ani da tafsiri ne. An canza min sifikun ƙofa, amma muryar malam ta koma kamar daga rijiya, ƙofar kuma tana zizza.
— Wata Hajiya, daga Maraɗi

Amsa: Hajiya, ina kyautata zaton an juya wayar sifika ɗaya, mai alamar ƙari ta koma wurin mai alamar ragi. Ɗaya na turawa waje, ɗaya na ja ciki, sai su riƙa cinye juna. Ki gwada da kanki: a cikin saitin rediyo ki kai BALANCE hagu gaba ɗaya. In muryar ta cika, sannan ta rame da kin dawo da shi tsakiya, an kama ɓarawon. Mai gyara ya taɓa wayoyin kowace sifika da ƙaramin batirin tocila mai volt 1.5, in kan batirin yana kan waya mai alamar ƙari, takardar sifika waje za ta motsa, kuma duka biyun su motsa iri ɗaya.

Zizzar kuwa, ko sukuru ne bai ɗauru ba, ko maƙalan murfin ƙofa sun karye wajen ɓallewa. A sa soso siriri tsakanin sifika da ƙarfe, a kunna HPF, saitin da ke tace bes daga sifikun ƙofa, a Hz 80 don bes mai nauyi ya daina girgiza ƙofar. Muryar mutum a tsakiyar sauti take zaune, don haka ki rage bes, ki ɗan ƙara MID, ki turo FADER gaba kaɗan. In wani karatun ya fito tas wani kuma bai fito ba, daga ɗaukar ne. Wanda aka naɗa da waya a bakin lasifikar masallaci haka zai fito ko a wace mota, sai ki nemi mai tura miki ya ba ki na asali, MP3 mai lambar inganci 192 ko 320.