Kada Baba ya sayar da fili saboda digiri na uku

Wata 'yar uwa ta rubuto daga Ingila. Tana dab da kammala digiri na biyu a kimiyyar ƙwayoyin halitta, burinta kuma ta zama mai bincike kan gado da DNA. Wata jami'a ta ba ta gurbin digiri na uku amma babu tallafi, mahaifinta ya ce zai sayar da fili ya biya. Tana tambaya ko ta karɓa, ko ta nemi bizar Graduate, wadda ke ba waɗanda suka gama karatu a Birtaniya damar zama su yi aiki, ta fara aiki. Ta ƙara da cewa sikila take son bincika, har wani ɗan uwansu ma'aikacin asibiti ya yi alkawarin riƙa aiko mata da jinin marasa lafiya daga gida.

Ƙanwata, ki yi wa Baba godiya, Allah ya saka masa da alheri, amma ki roƙe shi ya bar filinsa. A wannan fanni ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne, biyansa ake yi. Kuɗin makaranta na baƙo a fannonin gwaje-gwaje yakan haura fam 20,000 a shekara, ban da kuɗin kayan aiki da wasu jami'o'i ke cajin ɗalibi daban, ban da haya da ci da sha, har shekara uku ko huɗu. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Farfesan da ba shi da kuɗin ɗaukar ki, sau da yawa ba shi da kuɗin sinadarai da na karanta jerin DNA. Sai ki wayi gari kina da tebur da farar riga, amma duk gwajin da kika tsara a ce a jira.

Guraben da ke da tallafi suna nan, gasa ce dai mai zafi. Tun 2021 UKRI, hukumar da ke tallafa wa bincike a Birtaniya, ta buɗe wa baƙi ƙofa, har kashi 30 cikin 100 na gurabenta, kuma mafi ƙarancin alawus a zangon 2025/26 fam 20,780 ne a shekara, ba haraji. Sai dai ki tambaya tun farko wa zai cike gibin kuɗin makaranta, domin UKRI adadin da ake cajin 'yan ƙasa kawai take biya, wasu jami'o'in na yafe ragowar, wasu ba sa yafewa. Akwai cibiyar Francis Crick a Landan, da Wellcome Sanger kusa da Kambirij. Ki leƙa Jamus ma: EMBL, cibiyar binciken ƙwayoyin halitta ta Turai da ke Heidelberg, da cibiyoyin Max Planck suna ɗaukar ɗalibai daga ko'ina, da Turanci ake aikin. Yawanci ana rufe karɓar takardu tsakanin Nuwamba da Janairu, wanda ya makara sai baɗi.

Batun biza kuwa, sau ɗaya tak ake ba mutum bizar Graduate. Mai digiri na biyu shekara biyu yake samu, za a rage zuwa wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027, mai digiri na uku kuma shekara uku. Idan kika karɓe ta yanzu, ba za ki sake samu ba bayan digiri na uku. Duk da haka, in ba ki da gurbi mai tallafi a hannu, ni dai na ce ki karɓa. Mai digiri na uku yana da wasu ƙofofin, bizar Skilled Worker ta hannun jami'a, ko Global Talent wadda ba ta ɗaure mutum ga ma'aikata guda. Ki nema kina cikin ƙasar, kafin bizarki ta ɗalibi ta ƙare, bayan jami'a ta sanar da hukuma cewa kin gama, kuma ki tanadi kuɗin lafiya, fam 1,035 na kowace shekara, a dunƙule ake biya. Ranar da gurbin digiri na uku ya samu, 'yan Najeriya da Nijar na buƙatar takardar ATAS, wato izinin tantancewar tsaro daga gwamnatin Birtaniya, a darussa irin naki. Kyauta ce, amma takan ci mako shida ko fiye, kuma ba a ba da biza sai da ita. Waɗannan dokoki ba sa daɗewa ba a taɓa su ba, don haka ki duba shafin gwamnati ranar da za ki cike fom, kada ki dogara da abin da aka turo a WhatsApp.

To me za ki yi da shekara biyun? Ki nemi aikin mataimakiyar mai bincike, ko da kwantiragin wata tara ne. 'Yan uwanmu da dama kan shiga aikin kula da tsofaffi don riƙe kai, sana'a ce ta halak kuma ba abin kunya ba ne, amma shekara biyu nesa da ɗakin gwaji tana sanyaya hannu. Masu tantancewa ba sa ruɗuwa da sunayen darussa. Za su ce miki: kin yi PCR, gwajin ninka DNA, kin ɗora a na'ura, kin haska, babu ko layi ɗaya, me za ki fara dubawa? So suke su ji kin ce za ki dubi samfurin da kika san dole ya fito, in shi ma bai fito ba matsalar daga sinadarai ko na'ura take, in ya fito sai ki koma kan DNA ɗin da kika tace. Wannan amsa ba ta zuwa sai ga wanda gwaji ya sha ƙi masa. Da dare kuma ki koyi yaren kwamfuta na R ko Python. Yau na'ura na zubo bayanai fiye da yadda ake iya karantawa, mai hannu biyu, na gwaji da na kwamfuta, ba ya rasa mai nemansa, a jami'a ko a kamfanin magunguna.

In kin zo zaɓe, ki fi duba malami a kan sunan jami'a. Ki buɗe PubMed, rumbun takardun binciken lafiya a intanet, ki ga ko ɗalibansa na fitowa a sahun farko na marubuta, sannan ki rubuta wa biyu da suka bar wurinsa ki tambaye su a asirce. Wanda ya riga ya tafi ba ya jin tsoron faɗin gaskiya.

Sikila zaɓi ne mai kyau. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa. Tun 1956 masanin kimiyya Vernon Ingram ya nuna canji ɗaya ne rak a haemoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oxygen a jini, ke haddasa ta. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke amfani da CRISPR, fasahar gyara DNA, ya taɓa ƙwayar gadon da ake kira BCL11A don jiki ya koma yin haemoglobin irin na jarirai, sai dai farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Tsakanin wannan da yaron da ba a ma gwada shi ba lokacin haihuwa akwai aikin da zai ishi mutum har ritaya, musamman da yake 'yan asalin Afirka ƙalilan ne a cikin manyan binciken gado na duniya.

Amma maganar ɗan uwa ya aiko jini, a bar ta nan. Jinin mutum ba tsaraba ba ne. Sai da yardar mai jinin a rubuce, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike a gida da kuma inda kike, da yarjejeniyar musayar samfuri tsakanin cibiyoyin biyu. Ba tare da su ba, babu mujallar kirki da za ta buga aikin, ke ki rasa gurbinki, shi ya rasa aikinsa. Hanyar ita ce ki ƙulla da likitocin jini na asibitocin koyarwa tun ana tsara binciken, sunayensu a takarda tare da naki. Ki karanta yadda shirin H3Africa na binciken gado da lafiya a Afirka ya tsara ƙa'idojinsa, ki kuma bi ayyukan ACEGID, cibiyar binciken DNA na cututtuka masu yaɗuwa da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, waɗanda suka fara karanta jerin ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020.

Saura gida. Ki kira Baba da Mama ki faɗa musu lissafin tun yanzu: shekara ɗaya ko biyu ta aiki, huɗu ta karatu, bayan nan kwantiragi na shekara biyu ko uku kafin a samu wurin zama. Alawus zai riƙe ki, amma ba zai ɗauki dangi ba, don haka ki yanka abin da za ki iya aikawa duk wata ki tsaya a kai. Ki kuma gaya musu daktan da za ki zama ba ta rubuta magani, domin hotunan sakamakon gwaji za su fara shigowa wayarki tun kafin ki gama. Jami'ar da ta ba ki gurbi kuwa, ki rubuta mata cikin ladabi ki tambaya ko za su ɗage miki zuwa baɗi, su kuma sa sunanki a gasar tallafinsu.