Na bar sigari, tumbi ya fito: in koma ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 44. Na fi shekara 20 ina shan sigari, kusan kwali guda a yini. Da azumin bana na bari, yau wata huɗu ke nan ban sa kara a bakina ba. To amma ci ya buɗe mini, na ƙara kilo 6, har wandunan da na ɗinka wa kaina sun ƙi shiga. Abokaina na wurin ataya suna cewa ai sigarin ce take riƙe mini jiki, wai ƙiba ta fi taba kisa. Ina tunanin in koma kara biyu ko uku a rana don tumbin ya sauka. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka koma, ko kara ɗaya. Wata huɗun nan da ka yi su ne mafi wuya a tafiyar, ka kuwa riga ka haye su.

Abokanka sun faɗi rabin gaskiya, shi ya sa maganarsu ta shige ka. Nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kasa rabuwa da taba, yana danne yunwa, yana kuma sa jiki ya ƙona abinci da ɗan sauri. Da ka bari sai yunwar ta dawo, harshe da hanci suka farfaɗo, wake da shinkafar da ka shekara kana ci ba ka jin komai ta koma tana maka daɗi. Ga hannu da ya saba zuwa baki sau ɗaruruwa a yini, yanzu yana neman abin da zai ɗauka. Yawancin waɗanda suka bar taba suna ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, mafi yawansa kuma a wata ukun farko yake hawa, daga nan ya lafa. Kilo 6 ɗinka bai fita daga abin da muka saba gani ba.

Inda suka kauce shi ne cewa ƙiba ta fi taba kisa. Taba tana kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta, kuma mai sha yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa idan an kwatanta shi da wanda bai taɓa sha ba. Babu kilo 6 da zai yi maka wannan ɓarnar. Shekara ɗaya da bari, ƙarin haɗarin ciwon zuciyar da taba ta ɗora maka yana raguwa da kusan rabi, kuma waɗanda suka yi ƙiba bayan sun bari su ma suna samun wannan sauƙin. Shi kuma kara biyu ko ukun da kake lissafi, a nan mutane suka fi ruɗuwa. Zuciya da jijiyoyin jini ba sa bin lissafin kwali: mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciyar da mai shan kara 20 yake da shi. Ban da haka, a cikin waɗanda na gani sun ce kara biyu kawai za su riƙa sha, ban tuna wanda ya kai Babbar Sallah bai koma kwali ba. Ita sigarin ma ba ta hana tumbi. Mai sha yana iya zama siriri a hannu da ƙafa, kitse kuma na taruwa a cikinsa, wanda shi ne mai jawo ciwon suga.

Tunda tef ɗin awo yana wuyanka duk yini, da shi za mu yi aiki, ya fi sikeli faɗa maka gaskiya. Sai dai ba awon ɗinki za ka yi ba. Ku teloli ƙasan tumbi kuke sa tef, inda wando yake zama, mutum ya yi shekara biyar yana cewa shi 34 ne alhali cikinsa ya kai 40. Ka tsaya a miƙe, ka ɗaga riga, ka sa tef ɗin tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ɗan sama da cibiya, ka fitar da numfashi ba tare da ka shanye ciki ba. Abin da ake so shi ne awon ya gaza rabin tsawonka. In tsawonka inci 68 ne, cikin kada ya kai 34. Ka rubuta shi a bangon littafin awon kwastomominka, ka sake aunawa duk ranar ɗaya ga wata.

Ban ce ka shiga horon yunwa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma mutumin da ke fama da yunwa da ƙaiƙayin taba lokaci guda, tabar ce take cin nasara. Ka fara da abin sha, don a nan suga ya fi ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini ga babban mutum, in ya tsaya a 6 ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da kusan cokali 9. Malta ba ta da wani bambanci, duk da sunan da ta yi na ƙarin jini. Da gwamnatin Gana ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin sha mai zaƙi a 2023, na kwalba da na gwangwani ya shafa, amma mu a Zango sugarmu a hannun masu ludayi yake. Ka tsaya gobe da safe ka kalli mai koko tana ɗibar suga kafin ta ƙulle leda. Ka haɗa da sobolo ko burkina, wato gero da nono, da rana, sannan ataya zagaye uku da dare, kowane zagaye ya fi na baya zaƙi. Ka ce wa mai koko ta ba ka kokon babu suga, ka sa cokali ɗaya da hannunka. Mako biyu harshenka zai saba.

Atayar tana da wani zance na daban. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fitar da sinadarin da ke hana barci a shayi da goro da kofi. Yanzu da ka bari, kofin da a da ba ya yi maka komai zai fi daɗewa a jikinka. In ka lura barcinka ya ragu ko gabanka na faɗuwa da dare, ka duba nan tukuna. Wanda bai yi barci ba kuwa da yunwa yake tashi. Ni da za ka ji tawa, ka ɗan janye daga majalisar na wasu watanni, ko ka zauna zagaye ɗaya ka tashi, musamman in ana busa hayaƙi a wurin. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar mutane, amma kai ma ka san ba ta zuwa bencin ataya.

Abincinmu ba shi da laifi, jerin da ake ɗorawa a kansa ne. Wake da shinkafa abinci ne mai kyau, waken yana riƙe ciki. Amma sai a zuba taliya, a zuba gari mai mai, a sa soyayyar ayaba, a malala shito, faranti ɗaya ya zama abincin mutum biyu. Ka ce wa Hajiya mai sayar da abincin ta bar taliya da garin, ta ƙara ganye da ƙwai ko kifi. Tuwo da miyar ayoyo da dare babu abin da ya fi shi, in malmala ɗaya ce kuma miyar ta fi tuwon yawa. Da safe ƙosai biyu ko uku sun fi burodin suga. Don hannun nan mai neman baki, ka ajiye yalo da karas da lemu a gefen keken ɗinki, da aswaki a aljihu. Gyaɗa da aya suna da kyau, sai dai tafin hannu ɗaya, ba kwalba ba. Alewa da biskit kada su kwana a shagon. Ƙaiƙayin taba in ya taso 'yan mintoci yake yi ya wuce, ka tashi ka sha ruwa, ka leƙa waje.

Sana'arka ta zama ce, dole ka nemo wa jiki motsi da gangan: minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai sa numfashi ya ɗan hau. Ranar da za ka sayo zare da yadi a Kejetia, ka tafi da ƙafa, ka hau mota a dawowa in kaya sun yi nauyi.

Ka je asibitin Manhyia ko wanda ya fi kusa da kai a auna maka hawan jini da suga, don shekarunka da shekarun da ka yi kana sha sun isa dalili. In kana shan wani magani kullum, ka faɗa musu ka bar taba, akwai magungunan da ake rage yawansu bayan an bari. In kuma ƙaiƙayin ya dawo da ƙarfi har kana jin za ka karya, ka tambayi likita ko mai kantin magani game da cingam ɗin nikotin kafin ka tambayi mai tebur. Wandunan kuma, tunda kai ne telan, ka buɗe su inci ɗaya ka ci gaba da sawa kafin cikin ya sauka.