Amsa: ko waƙa tana tsira bayan fassara?

Malam, tambayar da ka yi kan ko waƙar da aka rubuta da Faransanci a birnin Montreal na ƙasar Kanada tana tsira idan an juya ta zuwa Turanci, ni dai a ganina ba kullum ba wallahi. Dubi waƙar Michèle Lalonde mai suna Speak White, wadda ta karanta a daren waƙoƙi na 1970 a Montreal. Waƙar da Faransanci take amma taken Turanci ne, zagi ne da ake jefa wa masu Faransanci idan sun yi yarensu a bainar jama'a, wai su yi magana irin ta farar fata. To in ka mayar da komai Turanci ina zafin yake? Karon yarukan biyu shi ne waƙar ai.

Garin ma haka yake fa, tun da can titin Saint-Laurent ake ɗauka iyaka, gabas masu Faransanci yamma masu Turanci, kuma a 1977 aka kafa Doka ta 101 a lardin Quebec, inda Montreal take, don kare Faransanci. Shi ya sa na fi so a buga waƙar da fassararta gefe da gefe, ko mutum bai iya Faransanci ba zai ga inda Turancin ya kutso ciki.