Namiji da siket: me Bahaushe zai kira shi?

Tambaya daga Zariya: Malam, na ga hotunan wasu samari a Turai sun sa rigar mata da siket suna yawo. Ɗan daudu za mu ce ko akwai wata kalmar?

Amsa: Kafin a ɗora wa mutum suna, a duba abin da ya ɗaura tukuna. Mutanen Sukotland suna da nasu tufafi mai kama da siket, mai tattara a baya, kuma kayan maza ne tsantsa, har sojoji ke sa shi. Gwamnatin Birtaniya ta haramta shi a 1746 don karya lagon mayaƙan tsaunuka, sai a 1782 aka ɗage dokar. Ka ga ba don ana ganin na mata ne aka hana ba, don ana tsoron masu shi ne. Mutumin Yaman da futarsa, Ba'indiye da lunginsa, alhaji da haraminsa, duk ɗaurawa suke yi. Kai, dattijonmu ma da zafi ya yi yakan ɗaura zane a cikin gidansa, ba wanda ya taɓa yi masa kallon banza.

Samarin da ka gani kuwa daban ne, tunda rigar ta mata ce da gangan. A ɗinkin Turawa har maɓalli yana tona asiri: na rigar mace a hagu yake, na namiji a dama. Amma ko nan ina jan hankali. Daudu a Hausa ya fi tufafi faɗi. Magana ce da rangwaɗa da tafa hannu da zama cikin mata da sana'ar abinci, kuma da yawan 'yan daudu riga da wando suke sawa. Ita kanta kalmar lakabin Galadima ce, shi ya sa masu nazari ke danganta ta da Ɗan Galadima na bori. Yaran yanzu kuwa, da sun ga namiji ya sa jar riga sai su ce ɗan daudu. Wannan ragwancin harshe ne. Ka ce "ya yi shigar mata", magana ta ƙare.

Tambaya daga Maraɗi: Siket ko buje?

Amsa: Duka biyun. Siket aro ne daga Ingilishi. Buje ya daɗe a bakinmu, kuma da farko wando ne mai faɗi na maza.

Tambaya daga Kano: Fatari fa?

Amsa: Na ciki ne, ƙarƙashin zane. Tambayi kakarki.

Tambaya daga Kumasi: A karin maganar "zani ce ta tad da mu je mu", wane irin zani ake nufi?

Amsa: Babu zani ko ƙyalle a nan, ɗan'uwa. "Za ni" ce, wato zan tafi. Mai niyyar tafiya ya gamu da mai cewa mu je, buƙata ta zo ɗaya. Masu rubutu ne suka haɗe kalmomin biyu suka jefa ku cikin wannan ruɗani, har na taɓa jin wani yana fassara ta da atamfa. In zanen ɗaurawa kake nema a karin magana, ga shi: zanen aro ba ya rufe katara. Katara kuwa gefen cinya ne daga sama, wajen ƙugu, ba gwiwa ba kamar yadda wani ɗalibina ya rubuta mini a jarrabawa.