Hoton Masallacin da Ke Bangon Shagonmu

Tambaya: Malam, barka da aiki. A shagon ɗinkin da nake aiki a Sharar Mansur da ke Makka akwai wani hoto na cikin masallaci, mai ginshiƙai birjik da tantabaru a ƙasa, kuma mun daɗe muna gardama a kansa. Wane masallaci ne, kuma da gaske haka ake salla a cikinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, bisa siffar da ka bayar, wannan zanen Jean-Léon Gérôme ne, Bafaranshen da ya yi shi a 1871, kuma ainihinsa yana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York. Masallacin Amru ɗan Asi ne da ke tsohuwar Alƙahira, wanda aka kafa a shekara ta 21 bayan Hijira, shi ne kuma masallacin farko a ƙasar Masar.

Ka matsa kusa ka dubi ginin tukuna, domin a nan gwanintar mutumin take. Ginshiƙan suna ƙanƙancewa yayin da suke nisa, itatuwan da aka gicciye tsakaninsu, waɗanda fitilu ke rataye a jikinsu, suna jan ido zuwa can ciki, har mai kallo ya ji kamar zauren ba shi da iyaka, alhali allon kansa bai kai tsawon mita ɗaya ba. Ratsin ja da fari na bakunan ginin shi ke hana idon gajiya.

Batun salla kuwa, a nan na fi ja da shi. Wani babban mutum cikin tufafin alfarma yana tsaye a kan dardumarsa tare da fadawansa, daban da sauran jama'a, ga kuma wani mai zuhudu da ɗan ƙyalle kawai a ƙugu. Kai da ka saba jin liman a Harami yana cewa a daidaita sahu, ka san attajiri da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. Mai zanen jera mutane ya yi domin ya ƙayatar da masu saye a Turai. Masanan gidan tarihin ma suna ganin da wuya a ce ya ga jam'i a wurin, tunda lokacin da ya ziyarci masallacin a 1868 an daina amfani da shi, sai dai ya harhaɗa zane-zane da hotuna na wurare daban-daban.

Tantabarun dai ba zan musa su ba, tunda ku ma kuna tare da su kullum a harabar Harami.